Jan Ƙarfe a Bakin Baba

Uwata,

Gaisuwa daga uban da ya sa miki sunan mahaifiyarsa, ya jawo wa kansa 'yar da ba ya iya yi wa faɗa. Ina fatan kina lafiya, kina cin abinci a zaune ba a tsaye ba. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Gwiwar mamanki ta yi sauƙi, har ta koma raka ni da mita daga ɗaki zuwa ƙofar gida ba ta tsaya hutawa ba. Shago yana nan yadda kika bar shi. Matattun fankoki sun yi layi ina naɗa musu sabon koyil na wayar jan ƙarfe, masu su suna leƙowa suna tambaya ko jiya na gama.

Kin ce in riƙa kiranki maimakon wasiƙa. In na kira, kina katse ni tun ban kai tsakiyar labari ba, a takarda kuwa dole ki bari in gama. Kuma ɗan karatun da na samu kafin makaranta ta gaji da ni, in ban motsa shi ba tsatsa zai yi.

To, ga maganar. Haƙorin nan da aka dasa mini ya fara rashin kunya. Kin san asalinsa: na ainihin ya tafi ne saboda shekarun da na yi ina ɓare waya da shi, alhali filaya tana rataye a bango tana kallona. Likita ya kafa ƙusar ƙarfe a ƙashin muƙamuƙina, ya ɗora farin haƙori a kai, na fito ina yi wa kowa murmushi har da waɗanda ba ma shiri. Yanzu dasashin da ke kewaye da shi ya kumbura, yana jini in na goge baki, mamanki kuma ta fara kau da fuska in ina magana. Da farko na ɗauka ra'ayina ne ba ta so.

Na koma wajen likitan. Ya ɗauki hoto, ya ce ƙwayoyin cuta sun yi gida a jikin ƙusar, suna cin ƙashin da ke riƙe da ita. Ya wanke, ya ba da magani, abin ya dawo. Yanzu ya ce sai dai a cire, a bar wurin ya warke, in ƙashi ya rage a sake dasa wata.

Na ce, “Likita, in bai rage ba fa?”

Ya ce, “Sai haƙorin roba, irin wanda ke kwana a kofi.”

Na ce zan yi shawara. Ban gaya masa da wa ba, don ni ma ban sani ba.

Sai kuma wata buƙata. Mai askin da ke maƙwabtaka da shagona ya tambaye ni me kike karantawa a can. Na ce ƙarfe. Ya ce, “Duk wannan doguwar tafiya don ta zama maƙeriya?” Kin san kuwa ba na son mai aski ya yi maganar ƙarshe. Ki rubuto mini bayani a harshen da kaina zai ɗauka.

Babanki mai naɗin fanka.

*

Baba,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Mama. Lafiyata ƙalau. Ina cin abinci a zaune, sai dai a gaban kwamfuta.

Ka ce wa mai aski bai yi ƙarya ba, maƙeriya ce ni. Bambancin kawai, murhunmu a rufe yake ruf, sai mun zuƙe iskar da ke ciki, don ƙarfen da muke narkawa ba ya shiri da iska in ya yi zafi. Sunansa titaniyom, kuma shi ne a bakinka. Jiki ba ya ƙinsa, ƙashi yana rungumarsa ya riƙe. Aibinsa ɗaya, ba ruwansa da ƙwayoyin cuta. Suna hawa kansa su yi zamansu, kamar yadda naka suka yi.

Aikinmu shi ne mu zuba ɗan jan ƙarfe a cikinsa lokacin narkawa, domin jan ƙarfe yana kashe ƙwayoyin cuta. Wahalar tana wajen awo. In ya yi kaɗan, ƙwayoyin ba su san da shi ba. In ya yi yawa, ƙarfen ya yi gautsi, naman jiki ma ya cutu. Watanni na yi ina narkawa ina zubarwa.

Ga albishir kuma. Haɗin da na yi na baya-bayan nan, mun yanka shi ƙanana kamar maɓallan riga, muka shafa musu ƙwayoyin cuta, muka rufe a faranti. Da muka buɗe washegari kusan duk sun mutu, na kan titaniyom zalla kuwa sun cika faranti. Farfesan da ke duba aikina, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba, ranar na gani.

Da sauran tafiya dai.

Kai kuma, Baba, ba shawarar da za ka yi. Ka koma a cire. Zan je wata jami'a da ke da babban madubin ƙara girma don in ga cikin ƙarfen, zan yi 'yan makonni. Ina so in dawo in tarar da wasiƙar da ka ce an gama.

'Yarka.

*

Uwata maƙeriya,

Gaisuwa da sa albarka. Muna lafiya. Mamanki ta ce in gaya miki a gaban kwamfuta ba zama ba ne.

Na karanta wasiƙarki a zuciya, sannan na tsallaka shagon mai aski na karanta da ƙarfi, na dakatar da askin wani bawan Allah rabin kansa a buɗe. Da na zo wurin haƙoran Farfesa sai da na maimaita.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Tun ina saurayi nake tare da jan ƙarfe. Na naɗa shi, na warware shi, na ƙona shi, ya yanke ni a kowane yatsa. Bai taɓa gaya mini yana kashe ƙwayar cuta ba. Ashe ina zaune a tsakiyar magani ina biyan kuɗin mota zuwa asibiti.

Saboda haka na yanke hukunci biyu, kuma kin san ni in na yanke.

Na farko, ba wanda zai sake kafa mini ƙusar da ban san wanda ya ƙera ta ba. Taki zan jira. Bakin farko da ƙarfen 'yata zai shiga, nawa ne. Kin ce da sauran tafiya. Na san wannan maganar, ni ma ita nake gaya wa masu fanka in saura noti ɗaya in ɗaure.

Na biyu, kafin taki ta iso, na yi wa wadda ke bakina ɗan gyara. Na zaɓi wayar da ta fi siriri, irin ta koyil ɗin ƙaramar fankar tebur. Na kankare man da aka shafe ta da shi da reza har ta yi ja wur. Na tafasa ta a butar shayin mamanki, don kada ki ce ban san tsafta ba. Sannan na ari madubin mai aski, na naɗa ta a wuyan haƙorin, na tura ta ƙarƙashin dasashi inda ƙwayoyin nan 'yan haya suke. Naɗi ne mai kyau, ba zagayen da ya hau kan ɗan'uwansa.

Mai aski yana tsaye a kaina ya ce, “Yanzu saura mu jona ka da lantarki ka fara juyawa.”

Na ce, “Ko na juya, sai na fi fankarka ba da iska.”

Ya ce, “Iskar bakinka ce ai muke gudu.”

Na bar masa wannan, don bakina a buɗe yake da waya a ciki.

Likita ya aiko a tambaya ko na gama shawara. Na ce a gaya masa akwai masana a gidanmu. Wurin yana ɗan zafi, amma na ɗauka faɗan ne ake yi a ciki, kuma namu ne ke da rinjaye.

Babanki, mataimakin mai bincike.

*

Uwata,

Gaisuwa. Ban ji daga gare ki ba. Na tuna kin ce za ki yi tafiya, amma na ce ko madubin nan bai kai girman da zai hana mutum riƙe biro ba. Mamanki ta ce ta kira ki, lambar ba ta shiga. Na ce ta bar ki ki yi aiki. Ni na ɗauki shirun a matsayin kin ga dabarar ta yi, kina tunanin yadda za ki gaya wa Farfesa ba tare da ya ji kunya ba.

Lafiya dai, da sauƙi. Kumatuna na dama ya ɗan fi na hagu ƙiba. Mai aski ya ce in zo ya yi mini gyaran fuska, amma kuɗin gefen dama daban. Bakina kullum kamar na lashi kan batir. Wurin ya yi wani kore-kore, irin na tsohuwar waya da ta sha ruwan sama. Da gefen hagu nake tauna, shi ma a hankali, kuma bakin ba ya buɗuwa sosai. Mamanki ta ce wannan kaɗai ne alherin da ta gani a cikin lamarin.

Ta daina yi mini mita, Uwata. Wannan ya fi kumburin damuna. Jiya ta ajiye mini abinci mai ruwa-ruwa, ta zauna tana kallona ina sha da cokali. Na yi mata barkwanci, ta tashi ta shiga ɗaki.

Ban cire wayar ba. Na ma ƙara zagaye, don na ga kamar ta yi kaɗan, kuma ke kika ce in ya yi kaɗan ƙwayoyin ba su san da shi ba. Ban taɓa barin fanka a rabin naɗi ba, ba zan fara da bakina ba.

Ki gaya mini gaskiya, ƙusar nan taki saura yaushe? Ba gaggawa nake miki ba. Ina so ne in san abin da zan gaya wa muƙamuƙina.

Babanki.

*

Baba,

Ina gaishe ka. Ba zan tambayi lafiyarka ba, na karanta ta.

Yau na dawo na tarar da wasiƙunka biyu a ƙarƙashin ƙofa. A tsaye na karanta su, jakata a kafaɗa. Na kira ka, ka ƙi karɓa, ka sa Mama ta ce kana aiki alhali ina jin tarinka. To, tunda a takarda ba a katse mutum, ga takarda, ta hannun masu kai saƙon gaggawa.

Ka cire wayar nan yanzu, kafin ka kai ƙarshen wannan layin. In ta nutse a nama kada ka ja, ka bar wa likita.

Jan ƙarfen da ke cikin haɗina ɗan mitsitsi ne, a narke, a ɗaure cikin titaniyom, ba ya fita sai kaɗan-kaɗan. Naka tsirara yake, yana zaune a cikin yawu yana gugar wani ƙarfen. Abin da ka haɗa a bakinka ƙaramin batir ne, shi ya sa kake jin ɗanɗanonsa. Wayar tana yanka nama, tana riƙe abinci, ta zama tsani ga ƙwayoyin da kake son kashewa.

Ka tambayi saura yaushe. Laifina ne da na ce “da sauran tafiya” na yi shiru, na manta da wa nake magana. Ba noti ɗaya ba ne, Baba. Sai an gwada shi da ƙwayoyin naman jiki, sannan a jikin dabbobi, sannan hukuma ta duba, sannan a gwada da mutane kaɗan. Shekaru ne, kuma yana iya faɗuwa a kowane mataki. Ƙashinka ba shi da shekaru. In ya cinye, ko na gama gobe babu inda zan kafa maka ita.

Na yi magana da likitanka, yana jiran ka. In ba ka je ba, zan kashe murhu in taho in kai ka da hannuna. Lokacin murhun da aka ba ni zai wuce, ba zan sake samu ba sai baɗi. Ka san zan yi, don ka san inda na gado kai.

Kana son ka zama na farko, na ji. Ga hanya. Duk gwajin da muka yi, da ƙwayoyin da aka raina a kwalba ne, 'yan gata waɗanda ba su san duniya ba. Farfesa ya daɗe yana neman na bakin mutane, daga ƙusoshin da suka lalace. Akwai hanyar da asibitoci ke aiko da irin wannan a rufe, bisa izini, kuma likitanka ya san ta. In ka yarda, ƙwayoyinka ne na farko da za su hau ƙarfena. Amma sai an cire ƙusar za a same su.

Ka zaɓa: ko su taho, ko in taho.

'Yarka, wadda ba ta dariya.

*

Uwata,

Gaisuwa daga mai giɓi. Kada ki kashe murhu. Suna hanya.

Wasiƙarki ta same ni a shago. Mamanki ce ta kawo ta da kanta, da gwiwar nan tata, ta tsaya a kaina sai da na karanta. Da na zo wurin batir na ɗan ji daɗi, don ko ba komai na haɗa abin da ke aiki. Da na zo wurin kashe murhu kuwa, sai na ajiye takardar na nemi takalmina. In ɓata ƙashina, nawa ne. Amma in zama dalilin da 'yata ta zubar da aikin watanni saboda wayar fanka, wannan ko mai aski ba zai yi dariyarsa ba.

Mamanki ta raka ni har ɗakin likita. Kujerar nan mai kwantar da mutum, fitila a ido, abin tsotsar yawu yana ƙara kamar fankar da boris ɗinta ya mutu. Likita ya leƙa bakina, ya ɗago, ya sake leƙawa.

Ya ce, “Baba, wa ya yi maka wannan?”

Na ce, “Wani ƙwararre.”

Ya ce, “A ina yake aiki?”

Mamanki ta ce, “Ga shi nan kwance.”

Ya kira ma'aikaciyarsa ta zo ta gani. Ita ma ta kira wata. Na ce su yi layi, kada a ture juna. Ya ɗauki lokaci yana warware wayar, kuma ko bai faɗa ba na ga ya lura da kyan naɗin. Ƙusar kuwa ba ta yi gardama ba, kusan da kanta ta fito, abin da ya sa ya girgiza kai. Ya saka ta a wata 'yar kwalba ya rufe. Na ce a kula da su, baƙin 'yata ne.

Na tambaye shi ƙashin. Ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce an ci da yawa, wayar ma ta taimaka musu. Ko za a iya sake dasawa, sai wurin ya warke zai sani. Wannan karon ban ce zan yi shawara ba.

Ina shan magani a kan lokaci, mamanki ce mai tsaron agogo. Kumburin ya sauka. Mita ta dawo, alhamdu lillahi. Ta sayi sabuwar butar shayi, ta ce tsohuwar ta zama ta asibiti. In na yi magana iska tana fita ta giɓin da ɗan fito, har wani mai fanka ya waiwaya yana neman tsuntsu.

Ki kashe mini su, Uwata. Kada ki bar ko ɗaya.

Babanki.

*

Baba,

Ina gaishe ku. Na ji daɗin saukar kumburin. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, sai da muka raini baƙin naka suka yi yawa kafin a gwada.

Ba zan ɓoye maka ba, ba su mutu duka ba. Na kwalba kusan duk sun mutu kamar da. Naka kuwa, kaso mai yawa sun rayu, sun manne wa ƙarfen sun ƙi sauka. Farfesa ya duba farantin ya ce, “Daga bakin wa aka samo waɗannan?” Na ce na babana ne. Ya kalle ni ya ce, “Na gane.”

Ranar ban ci abinci ba, a zaune ko a tsaye. Amma gara da na sani yanzu, a faranti, ba a bakin wani ba. Ina zargin yadda nake gasa ƙarfen bayan narkawa ne, jan ƙarfen bai bazu yadda ya kamata ba. Na koma murhu. Na ajiye naka a firjin ɗakin gwaji, duk haɗin da na yi daga yanzu sai ya bi ta kansu.

Me likita ya ce game da ƙashin?

'Yarka.

*

Uwata,

Gaisuwa da sa albarka. Lafiya lau muke.

Na karanta wa mai aski. Ya ce bai yi mamaki ba, ƙwayar da ta zauna a bakina ta saurari surutuna shekara da shekaru ba ta mutu ba, ba ƙarfen da zai ba ta tsoro. Na bar masa wannan ma. Na fara tsufa.

Ni dai ban san ko in yi baƙin ciki ko in yi alfahari ba. A gidanmu ba a taɓa samun wanda ya shiga jami'a ba sai ke, yanzu ga ƙwayoyina sun shiga, har an ba su ɗaki mai sanyi.

Likita ya sake ɗaukar hoto. Ƙashin ya rage, da ƙyar. Ya ce zai yi masa ɗan ciko, in ya kama ya dasa sabuwar ƙusa. Irin ta kowa ce, babu jan ƙarfe. Na ce ya dasa. Ya ce, “Ba shawara?” Na ce masanan gidanmu sun riga sun yi. Ya koya mini yadda ake wanke wurin da wani ɗan ƙaramin buroshi, ya sa na yi alkawarin ba abin da zai shiga bakina daga shago. Filaya ta sauko daga bango, tana aljihuna. Ashe tana ɓare waya da kyau. Ba wanda ya gaya mini.

Ke kuma ki koma murhunki ki gasa shi yadda ya kamata. In ya faɗi, ki sake. Fankar da ta fi ba ni wahala ita ce har yau take juyawa a ɗakin mamanki. Kada ki yi gaggawa saboda ni, bakina ya samu mai riƙe shi.

Sai dai ki sani, akwai wani haƙorin turmi a hagu, can ciki, da yake ɗan motsi in na taɓa shi da harshe. Likita ya gani, ya ce in na kula da shi zai kai shekaru. Zan kula da shi. Amma wurinsa na riga na yi wa maƙeriya alkawari, kuma na gaya wa mai aski.

Babanki mai naɗin fanka, fanka kawai.